Wa Zai Taɓa Mana Kai? Neman Mai Kitso da Mai Aski a Ƙasar Hungari

Mu ne 'yan'uwanku da ke karatu a Debrecen, a ƙasar Hungari. Kun sha tambayarmu labarin sanyi, da abinci, da kuɗin haya, da yadda karatu yake tafiya, mun kuma sha ba ku amsa. Yau muna so mu yi maganar abin da ba wanda ya taɓa tambayarmu, wato gashin kai. Wani zai yi dariya ya ce, duk matsalolin duniya ba ku ga na rubutawa ba sai kitso da aski? Ku yi mana haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman ku da kuke shirin fita karatu ko aiki a ƙasar da ba a Turanci.

In mutum zai bar gida, kowa yana da abin da zai tuna masa. Baba zai yi maganar fasfo da biza da takardun makaranta. Mama za ta ƙulla yaji da daddawa da garin kuka da busasshiyar kuɓewa. Anti za ta nemo rigar sanyi a gwanjo. Ana gobe tafiya, 'yan mata sukan zauna a yi musu ƙananan kitso mai kyau, samari kuma su je su yi aski. Ba wanda yake lissafa cewa bayan mako 6 ko 8 kitson nan zai tsufa, askin kuwa ko mako 3 ba zai kai ba. Ranar da aka tsefe kan, ranar ce mutum yake sanin ya yi nisa da gida.

Bari mu ɗan kwatanta muku inda muke. Debrecen shi ne birni na biyu a girma a Hungari bayan Budapest, yana gabashin ƙasar, da mutane wajen 200,000. Daga nan zuwa Budapest tafiyar kusan awa 2 da rabi ce a jirgin ƙasa. Jami'ar garin ta daɗe tana koyar da likitanci da Turanci, shi ya sa za ka ga ɗalibai daga ƙasashe da yawa, har da 'yan Najeriya. Waɗansunmu iyaye ne suke biya, waɗansu kuma sun zo ta tallafin karatu na gwamnatin ƙasar mai suna Stipendium Hungaricum, wanda aka fara a 2013. A cikin aji komai da Turanci ake yi. Amma da ka fita ƙofar makaranta, ka shiga wata duniya.

Harshen mutanen nan, da suke kira Magyar, ba ya kama da Turanci ko Faransanci ko Jamusanci. Danginsa na nesa su ne harsunan Finland da Estoniya. Ba za ka ji kalma ka yi hasashen ma'anarta ba. Matasansu da yawa suna jin Turanci, amma manya da suka yi makaranta kafin 1989 Rashanci aka koya musu dole, waɗansu kuma Jamusanci suka sani. Masu shagunan gyaran gashi na unguwa kuwa yawanci manyan mata ne da suka daɗe a sana'ar. Kalma ta fari da muka koya a kan wannan batu ita ce “fodrász”, wato mai gyaran gashi, don ita ce a rubuce a ƙofar shago. Ta biyu ita ce tambayar “Beszél angolul?”, wato kina jin Turanci? Amsar da aka fi ba mu ita ce “csak egy kicsit”, ma'ana ɗan kaɗan kawai. Abin dariya, kalmomin nan su ne kuma muke bukata in za mu ce a rage gashin ɗan kaɗan kawai. Sai ka ga ku biyu kuna ta maimaita magana ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

Za ku ce ai akwai waya, a sa ta fassara. Muna sawa, tana kuma taimako wurin gaisuwa da farashi da sa rana, don a nan ba a faɗa wa shago haka kawai, sai an ba ka lokaci. Amma ku gwada sa waya ta fassara “shuku” ko “kalaba” ko “kitson zare”. Ku gwada bayyana mata cewa a yi tsagar a karkace, kada a ja gaban goshi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mu mun ƙara da cewa baƙo ko da baki bebe ne, in ya zauna a kujerar aski an ɗaura masa ƙyalle a wuya, almakashi yana bayan kansa.

Sai kuma abu na biyu, wanda ya fi harshe nauyi. Akwai shaguna a tsakiyar gari inda matasa masu Turanci sosai suke aiki. Za su karɓe ka da fara'a, su ji duk abin da ka faɗa, amma hannunsu bai taɓa riƙe irin gashinmu ba. Ba laifinsu ba ne, ba a koya musu ba. Gashinmu a nannaɗe yake tun daga tushe, shi ya sa man da fatar kai take fitarwa ba ya gangarowa har bakin gashi, sai ya riƙa bushewa da karyewa. In ya sha ruwa yakan ƙanƙance, wanda ya kai kafaɗa sai ya koma kamar bai wuce kunne ba. Wadda ta saba da gashi mai santsi za ta ɗauko mataji mai ƙananan haƙora ta fara daga tushe, ta wanke da shamfu mai ƙarfi, ta busar da iska mai zafi, ta sa almakashin rage yawan gashi don ta ga ya yi mata yawa. Duk waɗannan daidai ne a kan gashin da ta sani, a kan namu kuwa ɓarna ce. Wata 'yar'uwarmu ta shekara 3 tana tara gashinta, cikin awa ɗaya aka rage mata fiye da rabi, da murmushi da kyakkyawar niyya. Gashi kuwa tsawon da yake ƙarawa a wata bai fi kusan santimita 1 ba. Ku lissafa watannin da za ta jira.

Samari ma ba su tsira ba. A gida kana zama ka ce wa mai aski “kamar kullum”, ko ka nuna hoto a bango, shi ke nan. A nan da milimita ake magana. Bakin kilifa mai lamba 1 milimita 3 ne, lamba 2 milimita 6, lamba 4 kuma wajen 13. Wanda bai san wannan ba yana iya ɗaga yatsa 3 yana nufin lamba 3, mai askin ya ɗauka milimita 3 ake so. Kafin ka ce a'a, an riga an buɗe hanya a tsakiyar kai, sai dai a ƙarasa. Ƙwal-kwabo a watan Janairu, lokacin da ruwa yake daskarewa a waje, ba abin wasa ba ne. Ga kuma ƙurajen aski: in aka aske gemu ko ƙeya ƙasa-ƙasa, aka bi ta inda gashi ba ya kwanciya, gashinmu mai lanƙwasa yakan juya ya soki fata, sai ƙuraje su fito su bar tabo.

Ku tuna yadda kitso yake a gida. Ranar Asabar da yamma, a tsakar gida ko a gindin mangwaro, ki zauna a tabarma ki sa kai a cinyar yayarki ko maƙwabciya. Tana tsaga da kibiya tana shafa mai, kuna hira. A nan ake jin wa zai yi aure, wa ba shi da lafiya, wace waƙa za a rera gobe. A nan uwa take gane 'yarta tana da damuwa tun ba ta faɗa ba. Shagon aski kuma majalisa ce ta samari, ƙwallo da siyasa da tsokana. Tun da can ma wanzami ba baƙo ba ne a gida, shi ne yake wa jariri askin suna, ya san uba ya san kaka. Ba kowa ake miƙa wa kai ba. Wanda ka yarda ya tsaya a bayanka da aska, ka amince da shi ke nan.

To, a nan mutum yana iya yin wata 4 ba hannun da ya taɓa shi, in ban da musafaha ranar Lahadi. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai aji. Iskar waje ga sanyi, ta ɗaki ga bushewa saboda na'urar ɗumama ɗaki, gashi yana ta kakkaryewa, amosani yana zuba a kafaɗa. Mun ga 'yan'uwa mata da suka shiga hular sanyi tun Nuwamba ba su fito ba sai Maris, ba don sanyi kaɗai ba. Mun ga wadda take da murya mai daɗi ta daina tsayawa gaba cikin mawaƙa, aka yi ta tambaya ko wani ya ɓata mata rai, ashe kanta ne take jin kunyarsa. Wata kuma ta daina kiran gida ta bidiyo don kada mamarta ta gani ta damu. Abin da ya fara daga gashi sai ya zama ɓuya, ɓuya kuma ta zama kaɗaici. Wanda yake cewa “lafiya lau” alhali yana cikin wannan hali, kitso ne ake yi da kwarkwata.

Matambayi ba ya ɓata. Hanyar da ta fi yi mana amfani ba ta cikin intanet ba ce. Bayan an tashi sujada, ko a tashar jirgi, ko a shagon da ake sayar da garin rogo da manja, in muka ga 'yar Afirka da kitso mai kyau, sai mu gaishe ta mu tambaya, “Anti, don Allah wa ya yi miki?” Ba wadda ta taɓa jin haushin wannan tambaya. Ta haka muka sami lambar wata mata a Budapest da aka ce tana jin Turanci, tana kitso a gidanta. Mu uku muka shiga jirgin safe ranar wata Asabar. Ta buɗe ƙofa, muka gaisa da Turanci, muka yi ciniki da Turanci. Da ta fara taje kan ɗayarmu, sai wadda ake tajewa ta juyo ta ce mana da Hausa, “Wayyo, hannun matar nan da zafi.” Matar ta ajiye mataji.

“Kai! 'Ya'yana, Hausa kuke ji?”

“Muna ji, Mama. Ki yi haƙuri.”

“Haƙurin me? Daga ina?”

“Daga Jos da Kafanchan da Kaltungo.”

“Ni a zangon Kumasi aka haife ni. Zauna da kyau, 'yata, zan sassauta.”

Mun je neman Turanci, muka tarar da Hausa. Hausarta irin ta Gana ce, ba ta raba mace da namiji, takan ce “yarinyar ya zo”. Muka yi dariya muka ce ai mu ma a Jos akwai masu yin haka, Kanawa suna ta tsokanarmu. Musulma ce. Da azahar ta yi, ta bar kan ɗayarmu rabi a kitse rabi a tsefe ta je ta yi salla, muka jira. Da ta dawo ta zuba mana shinkafa da wake, ta ce ba a kitso da yunwa. Mu da muka taso a garuruwan da rikici ya raba unguwanni, kowa da gefensa, ga mu a wani bene a tsakiyar Turai, kanmu a cinyar wannan uwa, tana mana faɗa a kan rashin shafa mai. A jirgin dawowa ba mu yi surutu sosai ba, kowa da abin da yake tunani.

Amma ba kowane wata ɗalibi zai iya zuwa Budapest ba. Ga kuɗin jirgi, ga kuɗin kitso, ga yini guda da ya tafi, jarrabawa kuma tana jira. Taimako na biyu daga inda ba a zata ba ya zo. Akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar mai ƙaramin shago kusa da inda waɗansunmu suke haya. Turancinta bai wuce kalma 10 ba. Wani ɗan'uwa ya shiga da hoto a waya, ya rubuta mata milimita a takarda. Ba ta yi gaggawa ba. Ta taɓa gashin, ta duba ta inda yake kwanciya, ta aske ɗan wuri kaɗan a ƙeya, ta ɗauko madubi ta nuna masa, ta jira ya ce “igen”, wato i, kafin ta ci gaba. Zuwa na biyu sai ya tarar ta sayi mataji mai manyan haƙora, ta kuma nuna masa bidiyon da ta kalla don ta koya. Yanzu samari da yawa wurinta suke zuwa. Ba ta iya kitso ba, ba ta kuma taɓa cewa ta iya ba. Mun koyi cewa wadda ta san iyakar saninta, take tambaya kafin ta yanke, ta fi mai zuba Turanci da ba ya saurare.

Abu na uku shi ne wanda ya fi daɗewa tare da mu. Muka duba a tsakaninmu, ashe akwai masu hannu. Wata ta iya kalaba tun tana sakandaren kwana, wani ya taɓa zama a shagon askin yayansa lokacin hutu. Sai muka sa Asabar ɗaya a wata, mu taru a ɗakin wanda ya fi fili. Wani ya dafa, wata ta tsefe, wata ta wanke, masu kitso su kitsa, samari su yi layi a baranda in ba sanyi. A irin wannan zama ne muka ji cewa wani ya faɗi jarrabawa yana tsoron gaya wa gida, wata kuma kuɗin hayarta ya yanke. Da ba a zauna an sunkuyar da kai ba, da ba a ji ba. 'Yar'uwar nan mai murya ta koma cikin mawaƙa mako guda bayan an yi mata shuku.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna da gaskiya. Kitso aiki ne. Ƙananan kitso da gashin doki yana cin awa 5 ko 6, baya yana ciwo, yatsu suna sanƙarewa, mai yin kuma ita ma ɗaliba ce da littafi yake jiranta. Kada zumunci ya zama dalilin cin guminta. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo cefane, ko ya yi wanke-wanke, ko ya taya ta karatu. Wadda kuma take so ta mai da shi sana'a ta karɓi kuɗi, ta fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ta tambayi abin da takardar zamanta ta yarda da shi, don aikin ɗalibi yana da iyaka a doka, akwai kuma batun haraji. Bai kamata kitso ya ja wa mutum asarar takardar zama ba. Tsabta ma ba a wasa da ita. Reza ɗaya mutum ɗaya, a yar bayan an gama. A goge bakin kilifa da sifirit tsakanin kai da kai, a wanke mataji. Makero yana bin mataji, ciwon hanta kuma yana iya bin jinin da ya taɓa reza, kuma masu karatun likita a cikinmu ba sa gajiya da tuna mana.

Ga ku masu shirin tahowa, ga abin da za mu ce. Kafin ku bar gida, 'yan mata ku koyi yi wa kanku ko da kalaba ce da kitso manya guda 6, ku koyi tsifa a hankali daga baki zuwa tushe. Samari ku sayi kilifa ku koyi riƙe ta. Wutar Najeriya da ta Hungari ƙarfinsu ɗaya ne, wajen bolt 230, bakin soket ne ya bambanta, namu mai ƙafa 3, nasu mai ƙafa 2 zagayayyu, sai ku nemi mahaɗi. Amma kilifar da aka yi don wutar Amurka mai bolt 120 tana iya ƙonewa. Ku sa man kaɗanya da sabulun salo da mataji mai manyan haƙora da kibiya da ɗankwali mai santsi na kwana a cikin babbar jaka. Ku ɗauki hoton kanku gaba da baya da gefe ranar da aka yi muku gyaran da kuke so, hoto ya fi dogon bayani. In kun shiga shago, ku tambaya kai tsaye ko sun taɓa gyara irin gashinku, ku ce a fara da kaɗan. Ku ji farashi kafin a fara, ku kuma sani a nan an saba ƙara wa mai gyaran gashi ɗan alheri, wajen kashi 10 cikin 100. In gidan wanda ba ku sani ba za ku je, kada ku tafi ku kaɗai, ku bar adireshin a wurin wani. In kitso ya yi tsauri har fata ta tashi, ku yi magana nan take, don yawan ja yana cinye gashin gaban goshi, wani lokaci ba ya dawowa. Kada kuma a bar kitso ya wuce mako 8.

Ku kuma da kuke gida, wannan magana ta shafe ku. A Jos da Kaduna da Zariya da Yola akwai baƙi, ɗalibai da 'yan hidimar ƙasa da waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu, da ba su jin yaren gari, ba su san wa za su miƙa wa kai ba. In kun ga wata sabuwar fuska a bencin baya ta ɗaure kai tamau mako bayan mako, ku gaishe ta, ku tambaye ta ko tana da mai yi mata kitso. In ba ta da, ku kai ta wurin taku, ko ku shimfiɗa tabarma ku ce ta zauna. Iyaye kuma, in kun kira 'ya'yanku da ke waje, bayan kun tambayi karatu da abinci, ku ƙara da cewa, “Wa yake yi miki kai?” Amsar za ta gaya muku ko tana da mutane.

Muna gaishe ku duka da kyau, muna kuma roƙo ku riƙa tunawa da mu cikin addu'a, jarrabawa ta kusa. Allah ya kiyaye mu, ya sada mu da alheri. Amin.